Aurena a Taron Alhamis

Salamu alaikum, 'yan uwana masu leƙo shafin nan. Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "wai har yanzu ba a sa rana ba?", ku gyara zama, yau za ku ji abin da ya tsayar da ita. Sababbin zuwa kuma, sunana Nafisa, amma a gidanmu na Wurno ba mai iya furta shi, domin sunan mahaifiyar Babana na ci, Allah ya jiƙanta. Uwaliya ake kirana tun ina zanin goyo.

Babana, Alhaji Mu'azu, yana da kamfani mai rassa uku. A Wurno akwai injin casar shinkafa, yana hannun yayana Siddiq. A Rabah akwai motocin dakon kaya, suna hannun Baffa Lawwali, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya. A Goronyo kuma akwai rumfunan ajiyar albasa da tafarnuwa, suna hannun wani bawan Allah mai suna Habibullahi, wanda ko yanzu da nake rubuta sunansa murmushi nake yi ni kaɗai kamar wata sakarya.

Da can, kamfanin nan gaba ɗayansa a aljihun rigar Baba yake zaune, wato a cikin wayoyinsa. Taya ta fashe a hanya, a kira Baba. Bel ɗin inji ya tsinke, a kira Baba. Har tsintsiyar share rumfa sai an kira Baba kafin a saya. Mutum yana tsakar cin tuwo, loma a hannu, waya a kunne, miya na zuba masa a hannun riga, Innarmu tana gefe tana tsaki. Motoci kuwa ba a magana. Baffa Lawwali mutum ne da Allah bai halicci kalmar a'a a bakinsa ba. Mai biki ya zo, a ba shi kanta, wato motar ɗaukar kaya. Mai tashi daga gida ya zo, a ba shi. Mai kai taki gona ma a ba shi. Bara waccan albasarmu ta kai lokacin fita kasuwa, aka nemi motoci sama da ƙasa, ashe suna garin Dinawa sun kai 'yan rakiyar amarya. Kafin su dawo rabin rumfa ta ruɓe, warin har bakin titi.

A daidai lokacin na dawo daga Sakkwato da takardar shaidar karatun tafiyar da kasuwanci, kaina cike da ilimi yana neman inda zai zube. Baba ya dube ni ya ce, "To Uwaliya, ga shi nan, gyara muna." Ni kuwa dama jira nake.

Tsarin da na kawo ba wani mai wuya ba ne. Kowane reshe da shugabansa, abin da ya shafi reshensa shi kaɗai, shi zai yanke, ba sai ya kira Baba ba. Abin da ya haɗa rassa biyu kuma a kawo shi taron da za a riƙa yi kowace Alhamis a ofishin Baba. Motoci ba sa fita sai inda taron ya tsara. Ni ce mai sa ido a kan rassan duka, ni ce kuma mai karanto abubuwan da za a tattauna. Don kowa ya gane, na sayi farin allo na rataya a ofis, na zana akwatuna kamar yadda aka koya mana. Akwatin Baba a sama. A ƙarƙashinsa nawa, na rubuta Nafisa ɓaro-ɓaro. A ƙarƙashin nawa kuma akwatuna uku a jere: Siddiq, Habibullahi, Lawwali.

E, kun karanta daidai. Lawwali kawai na rubuta, babu Baffa, babu Alhaji, kuma a ƙarƙashina. Yaya Siddiq, wanda ba ya ganin wuta bai ƙara mata ice ba, ya ɗauki hoton allon ya jefa a zauren wasaf na dangi. Ranar nan wayata ta ga saƙon murya. Goggonnina na Rabah da na Sakkwato kowacce sai da ta yi min wa'azi. Baffa kaɗai ne bai turo min saƙo ba. Amma daga wannan rana bai sake kirana Uwaliya ba, sai Manaja. "Manaja, an tashi lahiya?" "Manaja, a yi muna izini mu sha ruwa?" Har direbobinsa ya tara ya ce duk wanda zai ambace ni, Manaja zai ce. Na ɗauka gatse ne, na kuma ji ciwonsa, domin Baffa ne ya fi kowa shagwaɓa ni a duniya. Sai dai nima jinin gidan ce, taurin kai gado ne. Na ce zane dai daidai yake, na bar allona a rataye.

Kuma tsari ya yi aiki, wannan ko maƙiyina zai shaida. Albasa ta daina ruɓewa, shinkafa na fita a kan kari, Baba ya koma cin tuwonsa da hannu biyu.

To, mu koma kan Habibullahi. Ɗan Rimawa ne, dogo, mai sanyin magana, kullum cikin farar shadda wadda ban san yadda yake yi ba ta ɗaukar ƙurar rumfa ba. A ƙa'ida kowane shugaban reshe yana turo min bayanin aikinsa ta waya. Na Yaya Siddiq kalma biyu ne, "Komai normal." Na Baffa saƙon murya ne, ya fara da "Manaja" ya ƙare da "a huta gajiya". Na Habibullahi kuwa da farko tsaf yake zuwa, buhu kaza ya shigo, rumfa kaza na son gyaran rufi. Sannu a hankali sai ya fara yin wutsiya. Wata rana ya rubuto:

"Albasa lafiya lau. Tafarnuwa lafiya lau. Mai kula da su ne dai sai a hankali."

Na rubuta masa, "Wannan ba ya cikin bayanin aiki."

Ya ce, "To a wane taro ake kai shi?"

Daga nan fa sai bandar kifin Goronyo ya fara zuwa gidanmu a kwali, wai na Inna ne. Inna Khadijatu ba yarinya ba ce. Ta ci kifinta, ta suɗe yatsu, ta dube ni ta ce, "Wanga kihi da magana cikin bakinai." Ba a daɗe ba magana ta fito fili, Habibullahi ya turo magabatansa daga Rimawa, dattawa cikin manyan riguna, da goronsu da alewarsu, suka zauna a zauren Baba.

Kun san al'adarmu, uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa, ɗan uwansa ke bayarwa. Ni na san da haka sarai, amma wallahi ban taɓa haɗa wannan da allona ba sai ranar. Surayya ƙanwata ce ta laɓe ta jiyo min. Wai Baba ya saurare su har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Madalla, mun gode. Sai dai wanga ba reshena ba na. Ku tahi Rabah, can shugaban reshen yake."

Suka tafi Rabah. Baffa ya shimfiɗa musu darduma, aka dama musu fura da nono mai sanyi, aka yi gaisuwa har da tambayar damina da dabbobi. Da suka faɗi abin da ya kawo su, ya shafa gemu ya ce, "Yarinya ta Wurno ta, yaro na Goronyo na. Kun ga rassa biyu ke nan. A tsarin Manaja, abin da yah haɗa rassa biyu ba ni da ikon yanke shi ni kaɗai. Sai taron Alhamis."

Bayin Allah suka koma Rimawa suna tambayar juna ko wata sabuwar al'ada ce ta fito da ba su ji labarinta ba. Ni kuma da la'asar sai ga saƙon murya: "Manaja, a huta gajiya. Cikin abubuwan taro a sa maganar belin inji, a sa maganar buhunna, a sa maganar auren Manaja."

Na saurara, na sake saurara, na kifa fuskata a filo na yi ihu. Ku duba min, jama'a. Ni da ko sunan Habibullahi ba na iya faɗa a gaban Baba, ni ce zan tsaya gaban Baba da Baffa da Yaya da shi kansa mutumin, in karanto maganar aurena kamar maganar buhu.

Inna ta shigo ta same ni a haka. Ba ta lallashe ni ba. Ta buɗe akwatina ta ciro wata atamfa mai ruwan ganye wadda Baffa ya saya min da ƙaramar salla, ta jefa min a cinya.

"Gobe Laraba ki sa wagga ki tahi Rabah ki ba shi haƙuri."

"Inna, mi na yi mai? Aiki na hwa."

"Aikin gidanku. Ke kinka zana ɗan uwan ubanki ƙarƙashin ƙahwakki, ke za ki ciro shi. In kuwa ba ki son auren, zauna ki auri allon."

Washegari da hantsi na sha atamfata, na yi ɗaurin kallabi na mutunci, na yafa babban mayafi ruwan madara, ba irin siraran da na saba ba. Inna ta haɗa min hoce, wainar dawar nan tamu, a kwano da turaren wuta na kai wa Goggo Kamila, matar Baffa. Duk hanyar Rabah ina haddace kalmomin ban haƙuri, suna zubewa.

Na samu Baffa ba ya ciki, yana rumfar ƙofar gida inda ake ajiye motoci. Goggo Kamila ta ja ni ɗakinta, wanda tagarsa ke kallon rumfar. Muna cikin gaisawa na jiyo muryar wani mutum a waje, Malam Mode, maƙwabcinsu, yana roƙon a ba shi kanta ya kai 'yan biki Kagara.

Sai na ji Baffa da wata murya mai ban tausayi wadda ban san yana da ita ba. "Wayyo Malam Mode, walle da ni ad da iko da ka tahi da guda biyu. Hannuna ɗaure yake. Ko ni nan in zan kai hatsina sai taro ya yarda."

"Haba Alhaji! Dut wagga Nahisa ta ɓata muna gari. Kowa ka tambaya, Nahisa ta hana, Nahisa ta hana. Wace irin ɗiya ta wagga Nahisa?"

"Kai!" Tsawar da Baffa ya daka sai da kajin tsakar gida suka watse. "Manaja za ka ce! Kak ka sake in ji wanga suna bakinka!"

Na ɗan yi mamakin zafin, amma hankalina ya fi tafiya kan abin da ya biyo baya. Malam Mode na tafiya sai ga Baffa ya shigo gida yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, hula a karkace, yana tafa hannu. "Kamila! Na kore na ukku yau! Kai, Allah shi yi ma wanga tsari albarka, na huta da..." Ya ɗaga labule, muka haɗa ido.

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ya gyara hula, ya haɗe rai. "A'a. Manaja da kanta? Bincike anka zo?"

Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Na fara jero ban haƙurin da na haddace, cewa yarinta ce, cewa zan goge akwatinsa in mayar da shi sama kusa da na Baba, in rubuta Alhaji da manyan baƙaƙe. Ya bar ni na gama tas, yana cin hocen da na kawo.

"Ba ni son akwati," ya ce. "Abu guda nika so. A mai da mani motocina yadda suke da. Ba taro, ba izini, ba sunan kowa bisa kansu. In kin yarda gobe, in ba da aurenki kahin a tashi. In ba ki yarda ba, a ɗage magana sai wata Alhamis. Alhamis kuwa ba ta ƙarewa."

Da zan tafi Goggo Kamila ta rako ni zaure, ta kama hannuna ta raɗa min cewa tun da aka kawo tsarin nan Baffa ke samun barcin safe, har maganin hawan jininsa likita ya rage masa. Ita ma ba ta san abin da ke cin sa ba, ya ƙi faɗa.

A mota na rubuta wa Habibullahi duk yadda aka yi. Ina jiran ya ce min in ba da motoci, in ba da injin casa, in ba da Wurno gaba ɗaya in dai zai same ni. Sai ga amsa:

"Kar ki yarda. Albasa ta kusa fita. In motoci suka koma yawon biki, manoman da suka ba mu ajiya su za su kwana ciki. Ni zan iya jira."

Na rubuta, "Wato albasa ta fi ni."

"Albasa ruɓewa take in ta jira. Ke kuwa kullum ƙara kyau kike."

Na tura masa hoton fuska mai harara, na kashe wayar. Haushi ya kama ni, kuma a ƙasan haushin ina jin wani irin daɗi, domin gaskiya ya faɗa, kuma irin mijin da nake so ke nan. Amma fa tsoro ya cika min ciki. Na san Baffa, in ya kafe ko Baba ba ya tanƙwara shi, kuma Baba ba zai taɓa tsallake ƙaninsa ya ba da aurena ba. Dattawan Rimawa kuma ba za su yi ta zarya har abada ba, akwai 'yan mata a garinsu.

Ranar Alhamis da safe na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare ruwan zinare, na zumbula hijabi har gwiwa don in samu wurin ɓuya. Ofishin Baba ɗaki ne guda a jikin injin casa, da tebur, da kujerun roba, da fanka mai kuka, da allona a bango yana kallon kowa. Baba na kan kujerarsa yana jan carbi. Yaya Siddiq ya zo da wuri, abin da bai taɓa yi ba. Habibullahi ya zauna a can ƙurya, farar shaddarsa ta jiƙe da gumi tun ba a fara ba. Baffa ya shigo ƙarshe cikin babbar riga ruwan toka, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Aka yi addu'a. Na karanto maganar bel, aka gama. Na karanto maganar buhuna, na yi ta jan ta, har ina tambayar ko a sake duba launin zaren ɗinki. Yaya Siddiq ya ce, "An gama da buhu, Manaja. Mi ya rage?"

Na dubi wayata. Na dubi fanka. Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Saura... maganar Wurno da Goronyo," na ce, muryata kamar ta sauro.

"Wace magana?" in ji Baffa. "Shinkahwa za a kai musu?"

Yaya Siddiq ya tuntsire da tari. Habibullahi ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Baffa ya ga ya gasa ni iya gasuwa, sannan ya gyara zama ya maimaita sharaɗinsa a gaban kowa: motoci su koma hannunsa babu taro, shi kuma ya ba da aure yau.

Habibullahi ya ɗago zai yi magana, na riga shi. Ban san daga inda ƙarfin halin ya zo min ba, wataƙila daga 'yar waƙar nan da na ji jiya.

"Na yarda, Baffa."

Carbin Baba ya tsaya. Habibullahi ya zaro min ido.

"Daga yau motoci na hannunka, kai kaɗai. Yanzu ma zan sanar a zauren dangi da na direbobi, in ce duk mai biki, da mai tashi, da mai kai taki, ya tafi wurin Baffa kai tsaye, babu ruwan taro, babu ruwan Manaja. Bari in fara da Malam Mode, na ji yana neman kanta zuwa Kagara."

Na ɗaga wayar na fara dannawa. Ban kai ƙarshen layin farko ba na ji, "Ke! Dakata!"

Baffa ya miƙe tsaye, hannu a sama kamar mai tare mota. "Wa yac ce ki sanar? Ba sai an sanar ba!"

"Ai tsari ne, Baffa. In an sauya doka sai kowa ya sani."

"Mode hwa! Kin san Mode? Da asuba zai buga mani ƙohwa!"

Baba ya kasa riƙewa. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Yaya Siddiq kuwa ya zame daga kujera. Na ɗauka na ci nasara, har na fara jin kaina na kumbura. Sai na ga Baffa bai yi dariya ba. Ya koma ya zauna a hankali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon allon.

"Ku yi ta dariya," ya ce. "Kowa na cewa don an sa ni ƙasa nika hushi. Ni ina ruwana da sama da ƙasa? Yaya Mu'azu na sama gare ni tun ran da anka haihe ni, ban mutu ba."

Ya nuna akwatina na jikin allon da yatsa.

"Wancan suna. Yaya, kai ka san ni nir roƙe ka a sa mata shi, uwarmu ba ta cika shekara da rasuwa ba. Tun ran nan ba wanda yaf furta shi gidanmu. Yau ga shi rataye ga bango, kowane yaron mota na karantawa. Kwana biyu da sa allon ga, na ji direba na ce ma ɗan uwanai, wance ta hana mu hita, wance ta cika tsanani. Da sunan uwata! A garejina! Masu neman mota in an hana su, shi suka zagi. Nac ce a dinga cewa Manaja, wasu su ji, wasu su ƙi. Shi na nac ce a mai da mani motocin, in sunan ya hita bisa kansu, ya hita bakin mutane. Gara Mode shi tashe ni kullum da asuba."

Wallahi 'yan uwa, da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata da watanni ina jin haushin Manajar nan, ina ɗauka gatse yake min, ashe mayafi ne ya samo ya rufa wa sunan mahaifiyarsa. Ni na saba da sunana a makaranta, a kan takarda, a bakin malamai, har na manta cewa a gidanmu ba nawa ba ne ni kaɗai. Na dubi Baba, na ga ya daina dariya, idonsa ya yi ja. Shi ma ashe kullum yana zaune a ƙarƙashin allon nan, bai taɓa ce min komai ba.

Na tashi, na ɗauki tsumma na goge sunan tas. Sannan na je gaban Baffa na durƙusa, na miƙa masa alƙalamin allo da hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi alƙalamin, ya karɓa. Ya je ya rubuta Manaja a cikin akwatin, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, harafin ƙarshe har ya leƙo waje. Da ya dawo min da alƙalamin na ƙara Baffa a gaban sunansa. Ya ce bai tambaye ni ba, amma bai ce in goge ba.

Ya mayar da hularsa, ya juya wajen ƙurya. "Habibullahi."

"Na'am, Baffa." Mutumin nan ya zube ƙasa tun kafin a ce masa komai.

"Jiya an gaya mani kai kac ce kar a ba ni motoci."

Nan take na gano mai tsegumin. Surayya! Ita kaɗai na nuna wa saƙon.

"Haka ne, Baffa," in ji Habibullahi. "Albasar mutane ce."

"To ka kyauta. Da ka ce a ba ni, da ban ba ka ko akuya ba. Ka gaya ma dattawanku su komo Rabah, wanga karon ba taro. Na ba ka uwata. In ka bari ta yi kuka, ni da kai na."

Na ja hijabi na rufe fuskata gaba ɗaya. Ina jin Yaya Siddiq yana kabbara kamar an ci ƙwallo, Baba yana cewa Allah shi sa alheri, fanka na ta kukanta. Na lallaɓa zan gudu cikin gida wurin Inna, har na kai bakin ƙofa.

"Ina za ki? Ba a rufe taro ba," in ji Baffa. "Akwai magana guda ta Alhamis mai zuwa, kar a ce ban bi tsari ba. Rubuta, Uwaliya."

Na tsaya cak. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa tun ranar da na rataya allo. Na juyo, na ciro wayar daga cikin hijabi.

"Kanta guda, daga Wurno zuwa Goronyo, kayan ɗakin amarya. Wurin direba ki sa Lawwali. Hakanan tsirara, yadda Inna mai sunanki ka kira na."

Na sa yatsa zan rubuta, haruffan suka narke min a ido, na kasa ganin ko ɗaya.